Lambar da Na Ɓuya a Bayanta Shekara Shida

Shekara shida cur na yi ina tinƙaho da wata lamba: 24.3. Na haddace ta fiye da yadda na haddace lambar wayar matata. Duk wanda ya kalli cikina ya yi magana, ita nake zaro masa in rufe masa baki.

Asalin abin, wata rana ce aka kawo mana ma'aikatan lafiya wurin aiki don su duba kowa. Da layi ya zo kaina, wata nas ta ce in tuɓe takalmi in hau sikeli. Kilo 72. Ta sa na jingina da bango, ta ɗora wani ɗan katako a tsakar kaina, ta karanta: mita 1.72. Ta ɗan latsa kalkuleta, ta yi rubutu a kati, ta miƙo min tana cewa, "Malam, BMI ɗinka 24.3, kana sahun masu lafiya." BMI ɗin nan ma'auni ne da ke kwatanta nauyin mutum da tsayinsa. Duka-duka ba a yi minti uku ba. Na karɓi katin nan kamar an ba ni takardar shaidar gama makaranta.

Da yake aikina na lissafin kuɗi ne, ban bar wurin ba sai da na sa ta nuna min yadda ake fitar da lambar. Ashe ba wani abin wahala ba ne. Tsayinka a mita za ka ninka da kansa, sannan ka raba nauyinka a kilo da abin da ya fito. Nawa, 1.72 sau 1.72 ya ba da 2.96, in ka raba 72 da shi sai ka samu 24.3. A bayan katin kuma an buga rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya: ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama kuwa teɓa ce. Na lura saura ƙiris in taɓa 25, amma na ce a raina, da kyar na sha ya fi da kyar aka kama ni.

Wanda ya fi shan wahalar wannan lamba tawa shi ne ƙanena. Magini ne, wuni yake yana ɗaga bulo da buhun siminti, da yamma kuma ya je ya ƙara da ɗaga ƙarfe don sha'awa. A ranar da na dawo da katin na tsare shi na yi masa lissafi: tsayi mita 1.75, nauyi kilo 89. Ta fito 29.1. Wayyo, sai na samu abin yi. Duk haɗuwarmu sai na ce masa, "Kai fa saura taku ɗaya ka faɗa ajin masu teɓa, ka rage ci." Shi kuwa sai ya naɗe hannun riga, ya miƙo min damtse ya ce, "Yaya, taɓa nan ka ji." In na taɓa, kamar na taɓa gungumen itace. Sai ya sa yatsa ya ɗan tsokani cikina, yatsan ya nutse, ya ce, "To wannan fa, a wane aji yake?" In ce masa ilimi ya riga ya yanke hukunci, shi ya je ya ji da kansa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bari in kwatanta muku yadda nake a lokacin, don ku gane. In kun gan ni daga baya, siriri ne ni. Ƙafafu kamar sandar tsintsiya, hannuwa ba tsoka, fuska ba kumatu. Sai na juyo gefe za a ga abin: ciki ya yo gaba shi kaɗai, kamar an ɗaura min ƙwarya a ƙarƙashin riga. Sa'a tara nake yi zaune gaban kwamfuta, in fito in shiga mota, in isa gida in zube kan kujera. Lemun kwalba biyu ko uku a wuni ba komai ba ne a wurina, kuma babban cin abincina sai dare ya raba, in gama in kwanta a kai. A cikin shekarun nan shida nauyina bai motsa ba sosai, yana kaiwa da komowa tsakanin 71 da 73. Amma bel ɗina ya matsa huda uku, har sai da na sa aka ƙara min wata hudar. Hankali ya kamata ya ba ni cewa in nauyi bai canza ba amma ƙugu na ƙaruwa, to wani abu na tafiya wani na maye gurbinsa. Tsoka ce ke zagwanyewa, kitse na taruwa. Ban yi wannan tunanin ba, don sikeli na gaya min abin da nake son ji.

Jiki kuwa ya daɗe yana yi min magana. Bayan cin abincin rana sai wani barci mai nauyi ya danne ni a kan tebur. In na sunkuya ɗaure takalmi sai in ɗago ina haki. Minshari ya yi yawa har uwargida ta fara ƙorafi. Wata safiya ina shirin fita, ta zo gyara min wuyan riga, sai ta tsaya ta ce, "Baban yara, wai ba ka cuɗa bayan wuyanka ne in kana wanka?" Raina ya ɓaci. Ta kawo madubi biyu ta nuna min: fatar wurin ta yi baƙi fiye da sauran jikina, ta yi kauri, in ka shafa kamar karan-miski. Mako guda na yi ina dirzar wurin da soso har ya yi zafi, ko gezau. Ashe ba dauɗa ba ce.

Ciwon kai ne ya kai ni asibiti, wanda ya ƙi jin magani kwana huɗu. Aka auna jinina, 146 bisa 94. Likita ya ce in dawo gobe da safe ban ci komai ba a ɗebi jini. Sakamako ya fito, sugan jinina 114. Ya yi min bayani cewa mai lafiya in ya kwana bai ci ba, ƙasa da 100 ake so. Daga 100 zuwa 125 mutum na bakin ƙofar ciwon suga. In ya kai 126 kuma aka maimaita gwajin ya tabbata, to ya shiga. Nan take na yi abin da na saba. Na ce, "Likita, ai ni ba ni da ƙiba. BMI ɗina 24.3."

Bai yi min gardama ba. Ya jawo durowa ya ɗauko tef irin na tela, ya ce in miƙe in ɗage riga. Ya laluba da yatsa ya gano ƙarshen haƙarƙarina na ƙasa, ya gano saman ƙashin ƙugu, ya zagaya tef ɗin a tsakaninsu. Ni kuma ba tare da na sani ba na tsotse ciki. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, saki numfashi, ba hoto za mu ɗauka ba." Na saki. Santimita 98.

Ya zauna ya ce, "Tsayinka santimita 172. Rabinsa nawa?" Na ce 86. Ya ce, "To ƙugunka bai kamata ya kai rabin tsayinka ba, kai kuwa ka wuce da 12." Ya ƙara da cewa ko a ɗaya ma'aunin da ake amfani da shi, namiji in ƙugunsa ya kai 94 haɗari ya fara ƙaruwa, in ya kai 102 ya yi tsanani, mace kuma 80 da 88. Sannan ya faɗi wata magana da har yau take min yawo a kunne: "Sikeli ba shi da ido. Kilo kawai ya sani. Bai san na ƙashi ba ne, ko na tsoka, ko na ruwa, ko na kitse, balle ya san inda kitsen ya zauna."

Inda kitsen ya zauna, nan ne maganar take. Ya zana min a bayan wata takarda. Akwai kitsen da ke kwance ƙarƙashin fata, a cinya da mazaunai, wanda za ka iya mintsina da yatsu. Wannan da sauƙi. Akwai kuma wanda ke can cikin ciki, ya nannaɗe hanji, ya kewaye hanta. Shi wannan ba zaman banza yake yi ba, kullum yana tsiyayar da maiƙo da wasu sinadarai cikin jijiyar da ke zarcewa kai tsaye zuwa hanta. A hankali jiki sai ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. In jiki ya yi kunnen ƙashi, sai a dinga ƙaro insulin ɗin, suga kuma na taruwa a jini. Da na nuna masa bayan wuyana, ya ce wannan baƙin na daga cikin alamun da yawan insulin ke bari a fata.

Sai ya tambaye ni ko akwai mai ciwon suga a gidanmu. Na yi shiru na ɗan lokaci. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da ciwon ya rasu, bayan an yanke masa yatsun ƙafa biyu. Ni na yi jinyarsa, ni nake wanke masa gyambon. Kuma tsawon shekaru ina cewa abin mamaki ne yadda ciwon ya kama shi alhali ba mai ƙiba ba ne. A kan kujerar nan ta likita siffarsa ta faɗo min: siraran ƙafafu, siraran hannuwa, da ciki a gaba. Ni ne sak. Na fito daga asibitin na zauna cikin mota na fi rabin sa'a ban tayar da ita ba.

Daga ranar na shiga bin diddigin lambar nan da ta ruɗe ni, kamar mai binciken wanda ya damfare shi. Abin da na fara ganowa ya ba ni mamaki: wanda ya ƙirƙiro lissafin ba likita ba ne. Wani masanin lissafi da taurari ne ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, a shekarun 1830. Shi burinsa ya siffanta matsakaicin mutum a cikin al'umma, ya lura cewa nauyin manya na tafiya daidai da tsayinsu in an ninka shi da kansa. Turawan yankinsa ya auna, kuma ba maganar cuta yake yi ba. Sai a 1972 wani masani Ba'amurke, Ancel Keys, ya gwada lissafin a kan maza sama da 7,000 daga ƙasashe biyar, ya ga ya fi sauran lissafe-lissafen da ake da su dacewa da yawan kitsen jiki, ya raɗa masa sunan da aka taƙaita zuwa BMI. Maza zalla, ba mace ko ɗaya. Shi kansa Keys ɗin don nazarin jama'a masu yawa ya yaba da shi.

Iyakokin ma da na ɗauka kamar saukakku ne, ashe mutane ne suka zauna suka shata su, kuma sun sha matsar da su. A 1998 hukumomin lafiya na Amurka suka sauko da iyakar nauyin da ya wuce kima daga wajen 27 da ɗoriya zuwa 25. Miliyoyin mutane suka kwanta da nauyi daidai, suka wayi gari a ajin masu nauyin da ya wuce kima, ba tare da sun ƙara ko loma ɗaya ba. A 2004 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa mutanen Asiya da yawa na fara shiga haɗarin ciwon suga da na zuciya tun daga 23. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Birtaniya: a 2022 hukumar da ke tsara wa likitocinsu ƙa'idojin aiki ta ce ga 'yan asalin Asiya, da Gabas ta Tsakiya, da baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka, a ɗauki 23 a matsayin farkon wuce kima, 27.5 kuma farkon teɓa. Ita ce kuma ta ba da shawarar kowa ya riƙe ƙugunsa ƙasa da rabin tsayinsa. Wato da wannan ma'aunin aka duba ni tun farko, da 24.3 ɗin da nake taƙama da ita ma ba ta tsallakar da ni ba. A 2023 kuma babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta fito ta ce kada a dogara da BMI shi kaɗai wajen yanke hukunci kan lafiyar mutum.

Da na tara waɗannan, sai na yi wani sabon kuskuren, kuma shi ne wanda nake jin kunyarsa har yanzu. Na koma ɗaya gefen gaba ɗaya. Na dinga shelar cewa BMI shirme ne, yaudarar Turawa ce, kada kowa ya kula shi. Akwai wani abokin aikina, mutumin kirki, wanda nasa ya kai 36, hawa bene ɗaya sai ya tsaya ya huta. Da ma likita ya daɗe yana binsa ya rage nauyi. Da ya ji wa'azina sai ya samu mafaka. Na ji shi da kunnena yana gaya wa wani, "Ai an gano ma'aunin nan ƙarya ne, ni irin ƙanen wane ne, ƙashi ne da ni mai nauyi." Jikina ya yi sanyi. Na ba shi irin garkuwar da na ɓuya a bayanta shekara shida, sai dai tasa ta juye.

Da na koma asibiti na ba likita labarin, ya girgiza kai. Ya ce mutane irin ƙanena, masu tsokar da ke tura lambar sama, ba su da yawa, kuma da wuya ka ga wanda tsoka kaɗai ta kai shi 35. In lamba ta yi sama haka, kusan kullum kitse ne, kuma haɗarin hawan jini, da ciwon suga, da ciwon gwiwa, da toshewar numfashi cikin barci na nan tabbas. Ya ce amfanin ma'aunin shi ne arharsa: sikeli da bango kawai yake buƙata, ko a ina za a iya yinsa. Da shi ne aka iya gane cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da teɓa. Kuma yana tona rama, wadda ita ma kisa take yi. Inda yake tuntuɓe shi ne a tsakiya, wurin irina da irin ƙanena, da tsofaffin da tsokarsu ta zube. Mai juna biyu ba a auna ta da shi, yara kuma nasu jadawalin daban ne, ana duba shekaru da jinsi. Washegari na je na samu abokin nawa na warware maganata. Ya saurare ni, amma na ga alama ta farkon ta fi yi masa daɗi. Har yau ina lallaɓa shi.

Abin da likita ya ɗora ni a kai ba wani sabon abu ba ne. Ya ba ni labarin wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, kan mutane sama da 3,000 da ke bakin ƙofar ciwon suga kamar ni. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Na buga lissafi: kashi 7 na kilo 72, kilo biyar ne kacal. Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Ba sauƙi. Tafiyar minti 30 da sassafe, kwana biyar a mako, ita na fara da ita, kuma makon farko ƙafafuna kamar ba nawa ba. Rabuwa da lemun kwalba ta fi komai wuya. Sai da na yi kusan wata biyu ina mafarkinsa. Na dawo da cin dare zuwa farkon dare, na rage yawansa. A wata na uku aiki ya yi yawa, na watsar da komai na mako uku, na koma gidan jiya. Uwargida ba ta ce min uffan ba, sai dai kullum da safe in tarar ta ajiye min takalmin tafiyar a bakin ƙofa. Ranar da kunya ta ishe ni na saka.

Sai kuma na kamu da wata cutar, ta hawa sikeli. Safe da yamma ina kai. Yau 69.4, gobe 70.2, sai raina ya ɓaci wuni guda, alhali ruwan da mutum ya sha da abin da ke cikinsa kaɗai na iya motsa sikeli da kilo guda a yini. Ƙanena ne ya raba ni da wannan. Wanda na shekara shida ina yi wa gori, shi ya zama malamina. Ya ce tafiya kaɗai ba za ta dawo min da tsokar da na rasa ba, ya koya min tsugunne-tashi da dannan ƙasa da hannu, ya haɗa min da wasu 'yan ƙarafa marasa nauyi. Ranar farko sau huɗu na iya danna ƙasa na kife, yana tsaye yana ƙyaƙyata dariya. Sannan ya ɗauke sikelin ya kai ɗakinsa, ya ce sau ɗaya a wata zai dinga ba ni aro.

A madadinsa ya kawo igiya, irin wadda suke ja a wurin gini. Ya sa na tsaya a miƙe ba takalmi, ya taka bakinta a ƙasa, ya ja ta har tsakar kaina ya yanke. Ya ninka ta biyu, ya ce, "Yaya, ga alƙalinka. Ranar da bakin nan biyu suka haɗu a cikinka, ka gama." Ranar farko da na zagaya ta, tazarar da ta rage ta fi faɗin tafin hannuna.

Daga wata na biyar sikeli ya tsaya cak a kan kilo 68, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Da a da ne, da na ce wahalar banza nake yi. Amma igiya na ta matsowa, bel na komawa hudojinsa na baya ɗaya bayan ɗaya. Kitse na tafiya, tsoka na dawowa, su biyun suna musanya a kan sikeli ba tare da ya sani ba.

Yanzu wata goma sha huɗu ke nan. Nauyina na nan a 68, BMI ɗina 23.0, wato abin da ya ragu a lambar bai kai ɗaya da rabi ba. Wanda ya duba kati na da na yanzu zai ce kusan ba abin da ya faru. Amma ƙuguna ya sauko daga 98 zuwa 88. Gwajin da na yi watan jiya, suga 96, jini 128 bisa 82. Barcin rana ya sake ni, baƙin wuyan nan ya fara washewa, uwargida kuma ta ce yanzu tana samun barci. Alhamdulillahi. Likita dai ya ce in dinga zuwa gwaji duk shekara, don gadon da na ɗauko daga mahaifina ba ya goguwa.

Ƙanena kuwa har yanzu lambarsa 29 da ɗoriya. Na matsa masa ya je aka duba shi, suga da jini duk lafiya lau. Da muka yanka masa tasa igiyar, bakinta biyu suka haɗu har suka haye juna.

Tawa ce dai ba ta haɗu ba tukuna. Jiya da yamma ya zo gidan, ya zaro ta daga inda nake rataye ta a bayan ƙofa, ya zagaya min. Saura faɗin babban yatsa. Na ɗan ja numfashi a hankali, ina fatan bai lura ba, sai ga bakin igiya sun taɓa juna. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Yaya, saki cikin nan, ina kallonka."